Yadda Ake Duba Mai Ciwon Zuciya, Ƙwaƙwalwa ko Fata a Ƙaramin Asibiti

Ma'aikacin lafiyar da aka tura ƙaramin asibiti a ƙasar Daura, ko Sandamu ce ko Zango ko Baure ko Mai'aduwa, sau da yawa shi kaɗai ne a gaban mara lafiya, ba likita a kusa, ba ɗakin gwaji, kuma tsakaninsa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina akwai tafiyar da ta haura awa guda ko da hanya ta yi kyau. Abin da ke hannunsa bai wuce na'urar awon jini, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafi, tocila, 'yar na'urar gwajin suga da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro ba. Domin irinsa aka rubuta wannan bayani, kuma duk adadin maganin da aka ambata na babban mutum ne, sai inda aka ce na yaro. Littafin umarnin aiki da ake bai wa ma'aikatan lafiya na matakin farko shi ne abin komawa kafin a rubuta kowane magani.

A makaranta an koya mana zuciya daban, ƙwaƙwalwa daban, fata daban, amma mara lafiya a dunƙule yake shigowa. Hawan jinin da ya gajiyar da zuciya shi ne ke fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, kuturta a fata take bayyana alhali jijiya take ci, kuma maganin farfaɗiyar da ya tsayar da faɗuwa yana iya saɓule fatar mai shansa. Saboda haka duk wanda ya kawo kukan ɗaya daga cikin ukun, a leƙa sauran biyun kafin ya tashi daga kujera.

Dubawa tana farawa tun daga bakin ƙofa. A lura da yadda mutum ya shigo: da ƙafarsa ya tako, ko riƙo shi aka yi, yana jan ƙafa ɗaya, ko kuwa sai da ya tsaya ya huta tsakanin ƙofa da kujera. A gaishe shi yadda ya kamata, a ce "Sannu Baba, ya jikin?" ko "Inna, bismillah ki zauna," sannan a saurari amsar da kunne biyu, domin a cikin gaisuwar nan ake jin ko harshe ya yi nauyi, ko numfashi ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Daga nan sai tambaya, kuma tambayar da ta fi kowace amfani ita ce yaushe abin ya fara, kuma farat ɗaya ya zo ko a hankali. Sai a tambayi abin da aka riga aka sha, na kemis da na gargajiya duka, cikin fara'a ba tare da faɗa ba, don wanda aka yi wa faɗa ba ya sake faɗin gaskiya. Mace kuma a tabbatar ko tana da ciki ko jego take yi, domin amsar tana sauya kusan dukkan maganin da za a ba ta.

Awon jini ana yi wa kowane babban mutum, ko da ƙaiƙayi ne ya kawo shi. A bar shi ya zauna minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan teburi daidai da ƙirji, a naɗe hannun riga, kuma kada a yi hira da shi lokacin awon. Idan abin ɗaurawar ya yi wa dantsen mai ƙiba kaɗan, awon zai nuna sama da gaskiya. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake auna shi wata rana daban kafin a ce masa yana da hawan jini. Bugun jijiyar wuyan hannu a ƙirga shi minti ɗaya cur, a ga ko yana tsakanin 60 da 100, a kuma ji ko yana tafiya daidai ko yana harɗewa, domin bugun da ba shi da tsari yana iya tara gudan jini a zuciya ya tura shi ƙwaƙwalwa.

Idan hawan jini ya tabbata, yawanci da amlodifin miligiram 5 sau ɗaya a rana ake farawa, a sake awo bayan wata guda, idan bai sauka ba a ƙara losatan ko a ɗaga amlodifin zuwa miligiram 10. Mai ciki ba a ba ta losatan ko lisinofiril, don suna illata jariri, metildofa ko nifedifin ake ba ta. Aikin da ya fi rubuta magani wuya shi ne shawo kan mutum ya yarda cewa wannan ciwo ba irin wanda ake shan magani kwana uku a warke ba ne. Da yawa sai kai ya sara suke shan ƙwaya, da ya lafa su ajiye. A faɗa masa ƙarara cewa jini yana iya hawa ba tare da ya ji komai ba, a kuma yi maganar gishiri da wadda ke girki, ba da maigida kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen da ake zubawa a miya da kanwa duk a cikin wannan lissafi suke. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji ko haki, ba na komawa gida ba ne, na babban asibiti ne a ranar.

Shanyewar ɓarin jiki

Alamarta ta farko ita ce zuwa farat ɗaya. Za a ce da asuba ya tashi zai yi alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa, ko tana cikin magana sai baki ya karkace. Gwaji uku sun isa a gane ta cikin minti ɗaya: a ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙora, a ce ya miƙa hannu biyu gaba ya rufe ido a ga ko ɗaya zai sauka, a ce ya faɗi sunansa da na garinsu. Nan take a gwada suga, domin saukar suga, musamman ga mai shan maganin ciwon suga wanda bai ci abinci ba, tana kwaikwayon shanyewar jiki har ba a iya bambancewa, kuma ita ana warkar da ita a wurin. A kuma ce ya ɗaga gira. Idan goshi ya tattare ta ɓangare biyu amma baki ya karkace, daga ƙwaƙwalwa abin yake. Idan kuwa rabin fuska duka ya mutu har goshi, ido ba ya rufuwa, amma hannu da ƙafa lafiya lau, wannan jijiyar fuska ce kaɗai, yawanci tana warkewa, kuma faradinisolon yana taimakawa idan an fara shi cikin kwana 3, tare da kare idon daga bushewa da ƙura.

Shanyewar jiki iri biyu ce, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, kuma babu hannu ko ido da ke iya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT. Shi ya sa ba a ba da asfirin kafin hoto, domin idan fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Haka nan kada a ruɗe da ganin jini ya hau a yi gaggawar saukar da shi da ƙwayar da ake sakawa ƙarƙashin harshe, saboda ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana bukatar wannan ƙarfin jinin don ta samu abin da zai kai mata. A rubuta lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi kawai ake yin ta. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa, kuma a hana 'yan uwa ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu ta baki har sai an tabbatar yana iya haɗiya. Wannan magana a yi ta da ladabi amma kada a sassauta, don abin da ya sarƙe shi huhu zai tafi. Addu'a da tofi ba su hana tafiya asibiti, ana iya yin su a cikin mota. Idan yaro ne ɓarin jikinsa ya shanye, a fara tunanin sikila.

Bayan an sallamo shi, aikin ƙaramin asibiti ne ya koya wa masu jinya juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige, da motsa gaɓoɓin da suka mutu kullum, da ci gaba da maganin hawan jini ba fashi.

Mai jego da haki

A nan ya kamata a tsaya da kyau, domin a ƙasar Hausa ciwon gazawar zuciya ga mai jego ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma ja hankali ga kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Ciwon yakan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Na taɓa ganin wata yarinya da aka kawo kwana kaɗan bayan an yi arba'in, an shafe mako biyu ana ba ta maganin tari daga kemis, an kuma yi mata ƙarin ruwa leda biyu saboda an ce ba ta da ƙarfi. Tambaya ɗaya ta warware lamarin: na ce mata "Yaya kike kwana?" ta ce a zaune, jingine da bango, domin da ta kwanta sai numfashi ya ɗauke.

Wannan tambaya a yi ta ga duk mai haki, mace ko namiji. Matashin kai nawa yake tarawa, kuma yakan farka tsakar dare yana neman iska? Sai a danna ƙaurinsa da babban yatsa na ɗan lokaci a ga ko zai lotsa, a kishingiɗar da shi a duba ko jijiyoyin wuya sun cika sun miƙe, a saurari ƙasan huhu ta baya a ji ko akwai ƙara irin ta gashi idan an murza shi kusa da kunne, a taɓa ƙarƙashin haƙarƙarin dama a ji ko hanta ta kumbura tana zafi. A duba cikin fatar ido da tafin hannu, domin ƙarancin jini mai tsanani shi ma yana kayar da zuciya, kuma shi maganinsa ƙarin jini ne cikin tsanaki. Idan alamun sun haɗu, a zaunar da mara lafiya bayansa a miƙe, a ba shi iskar oksijin idan akwai, a yi masa allurar furosemaid miligiram 40 ta jijiya a hankali, a tura shi inda za a yi masa hoton zuciya. Ƙarin ruwa kuwa, wanda mutanenmu suke ɗauka shi ne cikar kulawa, ga irin wannan mara lafiya guba ne, kuma ma'aikaci ya daure wa matsin 'yan uwa a kansa.

Ga mai jego, a yi magana da uwarta ko uwar mijinta ko ungozomar da ke mata wanka, don su ne masu yanke hukunci a ɗakin. A nemi su dakatar da kanwa gaba ɗaya, su sassauta zafin ruwan. A kuma zauna da mijin a yi masa bayanin cewa wani cikin kafin zuciya ta farfaɗo yana iya zama ajalinta, saboda haka tazarar haihuwa a nan magani ce kamar kowane magani.

Yaro mai shekara 5 zuwa 15 da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku zazzaɓi ya dawo da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, a saurari zuciyarsa da kyau a tura shi. Irin wannan zazzaɓi ne ke lalata ƙofofin zuciya, kuma kariyarsa allurar benzatin fenisilin ce duk bayan mako 3 ko 4 na tsawon shekaru. Kai yaro wurin wanzami a cire beli ba ya kashe ƙwayar cutar da ke maƙogwaro. Babba kuma mai ciwon tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa dutse, da gumi, ciwon yana gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, kada a sallame shi da maganin olsa. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna idan babu abin da ya hana, a tura shi nan take.

Jijjiga da farfaɗiya

Wanda aka kawo yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a duba agogo. Ba a cusa cokali ko yatsa a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa komai. Idan ya kai minti 5 bai tsaya ba, a yi masa dayazifam miligiram 10 ta jijiya a hankali ana lura da numfashinsa, yaro kuma ana iya ba shi ta dubura, rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyinsa. Sai a nemi dalili: suga, zazzaɓin cizon sauro, zafin jiki, bugu a kai. Mace mai cikin da ya wuce wata 5 ko sabuwar haihuwa, jijjigarta taune-taune ce, wato wadda hawan jinin ciki ke kawowa, har sai an tabbatar da akasin haka, kuma maganinta magnesiyam salfet ne, sannan a garzaya da ita inda za a iya karɓar haihuwa ko yin tiyata.

A lanƙwasa wuyan duk mai zazzaɓi da ciwon kai ko gushewar hankali a ji ko ya sanƙare, jariri kuma a taɓa maɗigarsa a ji ko ta kumbura. Daga hunturu zuwa bazara, kafin saukar ruwa, lokacin sanƙarau ne, kuma manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000. A 2017 ma Katsina na cikin jihohin da ya taɓa. Wanda ake zargin yana da shi a yi masa allurar seftiriyazon ta farko kafin ya hau mota, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Farfaɗiya ana kiran ta ne idan mutum ya faɗi sau biyu ko fiye, a ranaku daban, ba zazzaɓi ba wani dalili na nan take. Mai ita ba ya sanin abin da ya faru, don haka labarin a bakin wanda ya gani yake, kuma yanzu da waya ta yawaita a roƙi 'yan uwa su ɗauki bidiyo idan ta sake tashi. A tambaya ko ya ciji gefen harshe, ko ya saki fitsari, ko ya yi barci mai nauyi bayan ya farfaɗo. A duba fatarsa, domin tabon ƙuna a hannu ko ƙafa sau da yawa shi ke tona farfaɗiyar da iyali ke ɓoyewa saboda gudun kada a rasa mijin aure. A gaya musu cewa ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta cin abinci tare, kuma bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan 7 cikin 10 na masu ita suna iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Fenobabiton ya fi araha kuma sau ɗaya ake sha da dare, akwai kuma kabamazafin da balfurowet, sai dai na ƙarshen ana guje masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki saboda yana nakasa jariri. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, ba a yanke shi farat ɗaya, kuma da azumi ana daidaita lokacin shan da sahur da buɗa-baki maimakon a ajiye shi. Bakin murhu, bakin rijiya, hawan bishiya da tuƙa babur a nisance su har sai ciwon ya kwanta.

Duk wanda aka ɗora a kan waɗannan magunguna a gargaɗe shi cewa idan cikin wata biyun farko ya ga zazzaɓi da ƙuraje, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, ya dawo a ranar. Wannan ita ce alamar farko ta mummunan rashin jituwa da magani wanda ke saɓule fata kamar ƙunar wuta, kuma Septrin da Fansidar ma suna jawo shi. A dakatar da maganin da ake zargi, a tura shi babban asibiti tare da kwalin maganin, don a sauya masa wani ba tare da an bar farfaɗiyar haka nan ba.

Fata

Fata da hasken rana ake duba ta, kuma a duba jiki duka ba inda aka nuna kaɗai ba, tare da kiyaye mutunci da kiran ma'aikaciya idan mace ce. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da gaba, kuma akwai wani a gidan da ke susa, ƙazuwa ce. Ana shafa benzil benzowet ko fametirin daga wuya har tafin ƙafa, a maimaita yadda takardar maganin ta ce, a sirka benzil benzowet da ruwa idan ƙaramin yaro ne. Sirrin maganin shi ne a yi wa duk masu kwana tare a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Idan almajiri ne, zuwa wurin malaminsa a yi wa tsangayar baki ɗaya ya fi yi masa shi kaɗai sau goma. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, a faɗa musu tun farko.

Makeron kai ba ya jin man shafawa, sai girisiyofulbin na sha na mako 6 zuwa 8, a riƙa sha da abinci mai maiƙo, a kuma daina haɗa aska da hula. Na jiki kuwa kulotirimazol ya isa. Abin da ke rikita duba fata a yau shi ne mayukan haɗe-haɗe da na bilicin masu sitiroyid, wato sinadarin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi, waɗanda ke ɓoye kamannin makero su bar shi yana yaɗuwa, su sirantar da fata, kuma idan an daɗe ana shafa su a jiki duka suna iya tayar da hawan jini da suga. A ce mara lafiya ya kawo bututun a gani da ido.

Tabon da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, an daɗe da shi, kada a yi saurin ce masa ƙyasbi. A murza auduga ta yi tsini, a nuna wa mutum yadda za a yi idonsa a buɗe, sannan ya rufe ido a riƙa taɓa tabon da lafiyayyar fata yana nuna wurin da yatsa. Idan ba ya jin taɓawa a kan tabon, kuturta ce har sai an tabbatar da akasin haka. A laluba jijiyar bayan gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa a ji ko sun yi kauri, a gwada ƙarfin ƙaramin yatsa da rufe ido. Maganinta haɗin rifamfisin, dafson da kulofazimin ne na wata 6 ko 12 gwargwadon yawan tabon, kyauta ake ba da shi ta hannun jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Yatsun da ake gani sun gutsure sakamakon jinkiri ne, domin hannun da ba ya jin zafi yana ƙonewa yana yankewa mai shi bai sani ba.

Duk wanda za a tura babban asibiti a Daura ko Katsina, a ba shi takarda mai ɗauke da lokacin da ciwon ya fara, awon jini da bugun zuciya da zafin jiki da suga tare da lokacin da aka auna su, da sunan kowane magani da aka ba shi da adadinsa da lokacinsa. A sa lambar wayar asibitin a ƙasa, a ce su tafi da duk ledar magungunan da ke gida, mai haki ya yi tafiyar a zaune, wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma a kwance ta gefe da mutum ɗaya riƙe da kansa.